Mudun Baƙo

Takardar hukumar birni ta iso ranar Talata,
aka liƙa ta a bangon gidan wanki na titin Sargent,
tsakanin tallan tsohon gado da cigiyar kyanwa:
"Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba Winnipeg?"

Injuna na juyi, kumfa na marin gilashi.
A waje ƙanƙara ta binne motoci har wuya.

Yordanos ta fara karantawa tana ninke zanen gado.
Ta ce: Tara.
Jiya ɗana Filmon ya fita bayan duhu,
ya dawo da burodi a hammata,
ba wanda ya tare shi ya ce ina takardarka,
ba motar da ta kwashe shi zuwa bariki.
Ni kuwa barci ya sace ni tun bai shigo ba.
Kun san shekara nawa rabona da irin wannan barcin?
Ɗayan da na rage, na rana ne.
Ranar garin nan fitila ce kawai, ba ta kai wa ƙashi.

Tsoho Rustam ya ja tsaki.
Shekara ashirin da biyu yana tiyata a Dushanbe,
yau hannuwan nan ke goge daɓen wani asibiti.
Yakan ji ƙananan likitoci na musu kan hoton ƙirji,
ya san amsar, ya haɗiye ta, ya tura bokitinsa gaba.
Ya ce: Huɗu.
Garin da ya karɓi ƙarfina, ya bar ilimina a filin jirgi,
da me zan cika masa mudu?
Ya yi shiru. Ya laluba aljihu,
ya zaro hoton jikarsa cikin rigar makaranta,
haƙoran gaba biyu babu.
Ya ce: To, biyar.

Marisol ba ta ɗago ba, tana ƙirga sulalla.
Ita ma'auninta motar safe ce:
in ta zo kan kari, gari ya yi daɗi,
in ta makara minti goma a Janairu
har gashin ido ya daskare,
sai ta tsine wa ranar da ta sa hannu a takardar tafiya.
Ta ce: Ku tambaye ni a Yuli.

Bikash, ɗalibi, ya yi dariya daga kan benci:
Ina shan ruwan famfo kai tsaye,
kuɗin haya kuma yana sha na kai tsaye.
Ku raba mana makin.

Saura ni, mai ba da canji a bayan kanta.
Shekara goma sha ɗaya a garin nan,
ba wanda ya taɓa buga mini ƙofa bai yi waya ba tukuna.
Rasuwar mahaifiyata a waya ta same ni,
tsakanin wanki da shanya.
Ba tabarma, ba masu zaman makoki,
na yi kukana da injin busarwa yana rufa mini asiri.
Amma da asuba na tarar an share ƙanƙarar ƙofata,
ga tukunyar miya a kan dakali, da sauran zafinta,
ba suna, ba sallama.
Sai sawun takalmi da ya koma gidan Doreen,
tsohuwar da gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba.
Nawa ake ba ta'aziyyar da aka yi da shebur?

An ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.
Takardar kuwa gurbi ɗaya gare ta,
ɗan ƙarami, ko babban yatsa ba zai rufe ba.
Na ɗauki biro, na juya shi, na ajiye.

Inji na shida ya yi ƙara, ya tsaya.
Kowa ya kwashi kayansa da ɗuminsu,
ya rungume a ƙirji kamar jariri,
ya tura ƙofa da kafaɗa,
ya shiga sanyi.